Aljihun Dama

"Riƙe nan, kada ki ja," in ji Gwaggo Petrea. "Ke Oda, cewa na yi ki riƙe, ban ce ki yi kokawa da shi ba."

Ina tsaye a bakin gadonta riƙe da hannun kwat, ita kuma tana bin ɗinkin kafaɗa da reza, tana tsinke zaren a hankali. Tun shigowar kaka aka sauko mata da gadon zuwa ɗakin girki aka ajiye jikin taga, don ba ta iya hawa bene kuma. Likita ya faɗa mini a ƙofar gida cewa ba za ta fita hunturun nan ba. Ita ma ta sani, babu wanda ya gaya mata. Shi ya sa da safen nan ta aike ni sama na ciro mata baƙin kwat ɗin mijinta, marigayi Laurids, wanda ya kwana biyu a cikin akwati yana warin maganin asu.

Juya shi za ta yi. A garinmu na bakin tekun Jutland, a shekarun bayan yaƙi, ba wanda ke rabuwa da yadin ulu don fuskarsa ta koɗe. Farke rigar ake yi gaba ɗaya, a goge kowane ƙyalle, a mayar da ciki waje, a sake haɗawa, sai ka rantse daga kanti ta fito. Gwaggo Petrea ba tela ba ce, amma duk layinmu babu gidan da ba ta taɓa sa wa allura ba. Ita ke juya wuyan rigar da ya cinye, ita ke warware tsohuwar suwaita ta saƙa safa da zaren. Wandon mijina ma a hannunta ya zama siket ɗin 'yarmu, kuma har yau yarinyar ba ta yafe mana ba.

"Wai wa za ki ɗinka wa?" na tambaye ta, ko da yake na san amsar.

"Ejvind mana. Da me kike so ya tsaya a bakin kabarina? Da rigar nan tasa mai ƙarnin kifi?"

"Haba Gwaggo, ki daina irin wannan magana."

"In na daina sai a fasa? Miƙo mini almakashi."

Na miƙa mata, amma raina bai kwanta ba, domin na san Ejvind. Shi kaɗai ne ɗanta, kuma tare muka taso. Kwat ɗin da aka juya yana da aibu guda wanda ko hannun Gwaggo bai iya ɓoye shi. Gidajen maɓalli ana iya cike su da zare a tsaga sababbi, amma aljihun ƙirji, da yake a hagu, idan aka juya yadin sai ya koma dama. Duk wanda ya gan ka ya san tsoho ka sa. Ejvind yana saurayi ya tafi rawa a zauren gari cikin irin wannan kwat, wani ɗan masunci mai tsinin baki, Kresten, ya tare shi a gaban 'yan mata ya ce ya nuna masa inda zuciyarsa take. Aka bushe da dariya. Daga ranar aka laƙaba masa suna Na-Dama. Ya dawo gida ya jefar da kwat ɗin gaban uwarsa, ya rantse ba zai ƙara sa abin da aka juya ba. Ba a jima ba ya tafi birnin Esbjerg aikin kamfanin kifi, bai kuma cika zuwa gida ba sai an yi biki ko rashi.

Ni dai a ganina abin bai kai a riƙe shi har furfura ba. Amma Ejvind mutum ne mai ajiye magana, ya gado wannan daga uwarsa.

Ranar Lahadi ya zo a motar rana. Na shigo da dafaffen dankali da soyayyen kifi na tarar da shi tsaye a tsakar ɗaki, hularsa a hannu, yana kallon ƙyallayen baƙin yadi da muka shanya a bayan kujeru.

"Mama, wannan ba kwat ɗin Baba ba ne?"

"Da can nasa ne. Zo nan in gwada ka."

"Ba na so."

"Wa ya tambaye ka so? Juyo da bayanka."

"Na ce ba zan sa ba. Akwai abokin aikina, Verner, tsawonmu ɗaya. Yana da sabo, zai ara mini in buƙata ta taso."

Gwaggo ta sauke tabarau ta dube shi. "Au, da kayan aro za ka binne ni? Ni da ban taɓa barin ɗan kowa a layin nan ya fita da aro ba?"

"Wa ke maganar binnewa? Ki huta kawai, kin ji? Oda, ke ma da girmanki kin biye mata."

"Ni 'yar aike ce," na ce. "In kana da ƙarfin hana ta, bismilla."

Bai hana ta ba, bai kuma yarda an gwada shi ba. Muka ci abinci, iska tana ƙara a jikin taga. Da lokacin tafiyarsa ya yi, Gwaggo ta ce bayanta ya gaji, ya zo ya ɗaga ta ya gyara mata matashi. Ya sunkuya ya rungumo ta. Ina kallo hannayenta suka zagaya bayansa, babban yatsa da ɗan ƙarami suna tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sannan suka gangara hannunsa har wuyan hannu. Shi a zatonsa shafa shi take yi, har idonsa ya kawo ruwa.

Yana fita ta ce, "Ya fi ubansa faɗin baya, hannu kuma ya ɗan gaza. Kawo alli kafin in manta."

Dariya ta kama ni, sai kuma na ji kuka na neman zuwa. Na fake da neman allin a cikin kwando.

Daga nan kullum in na sallami mijina na gama shara, sai in ƙetara wurinta. Ni ke ɗora dutsen guga a kan murhu, in shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle, in danne yadin har tururi ya tashi. Ita ke ɗinki. Ba ta yarda da keken ɗinki ba a kan wannan aikin, ta ce keke ba ya jin yadi. Ta haɗa baya, ta haɗa gaba, ta cike tsofaffin gidajen maɓalli da zaren da ta zaro daga cikin kalmasa, har sai ka kai ido kusa kafin ka gane. Shafin ciki ya mutu, sai ta sa na farke siket ɗinta na zuwa coci muka yanka.

"Gwaggo, to ke me za a sa miki?"

"Duk abin da kuka samu. Wa zai leƙa ni a can?"

Da sanyi ya tsananta, hannunta ya fara rawa. Ta daina iya zura zare a kafar allura, ya zama ni ke zura mata. Sannan ta daina iya tura allurar ta ratsa yadi ninki biyu, sai ta soka, ni in ja. Ni kuwa duk garin an san ba ni da hannun ɗinki, ko faci na yi sai mijina ya gwammace ɓular.

"Wannan ɗinki ne ko shingen tumaki?" takan ce. "Warware."

"Gwaggo, sau nawa zan warware?"

"Har sai ya daina ba ni kunya. Allah ya ba ki baki ya hana ki yatsu."

Wata rana bayan mun gama aljihun ƙirjin, ta ce in zura mata baƙin zare mai tsawo, in ƙulle bakinsa. Na zura na ba ta, na fita duba wankina. Da na dawo na tarar ta yi barci, kwat ɗin a kan ƙirjinta, ban ga ta ɗinka komai ba. Na ɗauka mantuwa ce, don a kwanakin har sunan 'yata kan ɓace mata.

Ejvind ya ci gaba da zuwa duk Lahadi. Yana shigowa za ta sa in tura aikin ƙarƙashin bargo. Ya sani, ita ma ta san ya sani, babu wanda ya ƙara tayar da zancen. Yakan yanka mata burodi ƙanana ya shafa man shanu, ta ci loma ɗaya don ta faranta masa.

Saura hannun hagu kaɗai a haɗa lokacin da ta rasu. Da hantsi ne, rana ta ɗan leƙo bayan kwanaki ana ruwa. Ta fara ɗinkin daga ƙarƙashin hammata ta hau da shi sama, ta ce in ɗora mana kofi. Na juya baya ina zuba ruwa a buta ina ba ta labarin rigimar matar mai burodi da surukarta, na ji ba ta tanka ba, ita da ba a ba ta labari ta yi shiru. Na juyo na ga kanta ya jingina da matashi, fuskarta wajen taga, yadin yana hannunta. Na sauke butar na zauna kusa da ita na daɗe kafin na tashi kiran mutane. Na yi kewarta tun ban bar ɗakin ba.

Ni na ƙarasa hannun. Na warware na sake har na gaji, duk da haka ya ɗan tattare a bayan kafaɗa. Na ɗora maɓallai, na goge, na rataye shi a jikin ƙofar bene.

Ejvind ya iso ana gobe jana'iza, da ƙunshi a takarda. Ya buɗe a kan tebur. Kwat ɗin Verner ne, sabo fil, aljihunsa a hagu inda Allah ya ajiye shi. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Raina kuwa ya ɓaci.

"Ga naka can," na ce. "In ka ga dama ka sa, in ba ka ga dama ba ka bar wa asu. Amma ka sani matar nan da numfashinta na ƙarshe ta ɗinka shi."

Ya je ya tsaya gaban kwat ɗin ubansa, ya ɗaga hannun hagu ya juya shi wajen haske.

"Wannan ba ɗinkin Mama ba ne."

"Nawa ne, sai ka yi haƙuri. Daga nan zuwa nan nata ne. Ga inda ta tsaya."

Ya bi layin da yatsa. A ƙasa ɗinkin ƙanana ne a jere, suna hawa suna buɗewa suna karkacewa, har inda nawa ya karɓa. Ya daɗe yatsansa na wurin. Na ɗauki kwanona na tafi gida ban san abin da ya yanke ba.

Washegari muka taru a ƙofar gidan. Iska tana kaɗawa daga teku, mata suna dafe huluna. Ƙofa ta buɗe, Ejvind ya fito cikin kwat ɗin ubansa, ya zauna masa daidai a baya, aljihu a dama. Kansa a sunkuye yake, kamar mai jiran a yi masa dariya.

Cikin masu ɗaukar akwatin gawar har da Kresten, wanda yanzu ya yi sanƙo da tumbi. Ya dubi Ejvind sama da ƙasa, na ce a raina in mutumin nan ya buɗe baki yau sai na mare shi a gaban fasto.

"Na-Dama," in ji shi a hankali, "ka zo?"

Sai Kresten ya buga nasa ƙirjin ta dama da tafin hannu, inda farin hankici ya leƙo. Ejvind ya ɗaga kai. Ni ma sai a lokacin na lura. Mijina, da mai burodi, da tsohon da ke kaɗa ƙararrawar coci, da galibin mazan da ke tsaye a layin, duk aljihunsu a dama yake. Ba shiri suka yi ba. Shi ke nan baƙin kwat ɗin da kowannensu ya mallaka, kuma duk ta hannunta suka bi.

A bakin kabari, da fasto ya zuba ƙasa, Ejvind ya kai hannu ƙirjinsa na hagu neman hankici, ya shafa bai sami komai ba. Ya mayar da hannun aljihun dama ya zura yatsu, sai na ga ya zabura ya zaro su. Jini ya ɗan tsatso a kan yatsansa. Ya sake zurawa a hankali, ya fito da allura da dogon baƙin zare a naɗe a jikinta, bakinsa a ƙulle. Duk rigar da Gwaggo ta gyara wa mai tafiya, takan soke masa allura da zare a ciki, ta ce maɓalli ba ya faɗuwa sai inda babu mace kusa. Nan Ejvind ya fashe da kuka, Kresten ya miƙa masa hankicinsa.

Da la'asar, bayan an sha kofi an watse, na ƙetara in kwashe kofunana. An riga an fitar da gadon. Ejvind ya jawo kujera jikin taga inda yake a da, yana zaune bai cire kwat ɗin ba. Maɓallin tsakiya, wanda ni na ɗora, ya saki wajen ɗaukar akwatin gawa. Ya sunkuyar da kai, harshe tsakanin haƙora, yana lalubar ramin maɓallin da allurar, baƙin zaren yana lilo a cikin sauran hasken rana.