Gora Ba Ta Ƙonewa Shiru

"Yaya, Baba ya ce don Allah ki ara masa kujerar nan taki ta gora. Kwanciya ta ishe shi, yana so a zaunar da shi a tsakar gida."

Mai ɗinki na tsakiyar haɗa hannun riga lokacin da Auta, 'yar tsohon da ke maƙwabtaka da ita, ta leƙo ta faɗi haka. Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke.

"Kujera? Au, tana gidan ƙanwata. Ki ce masa zan aika a ɗauko."

Ƙarya ce tsagwaronta. Kujerar ta zama toka tun daminar bara.

Tsohon, wanda duk layin ke kira Baba Mai Gora, tun da ya ajiye aiki ya mai da bayan gidansa wurin sassaƙa. Shingen da ya raba gidajensu shi ya ɗaure shi. Rumfar da kabewarta ke hawa shi ya kafa ta. Da ya ji tana kukan ciwon baya, sai ya shigo da igiya ya auna tsayin keken ɗinkinta. Ya jiƙa gora, ya shanya a inuwa, ya kyafe ta da hayaƙi saboda ƙwaro, sannan ya haɗa da turaku da igiya, don a wurinsa mai buga wa gora ƙusa bai san darajarta ba. Kujera ta fito da dogon majingini, daidai bayanta.

Bayan kuwa ya daina ciwo. Bakin mata ne bai daina ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tofa tata.

"Ke kuwa, duk cinikin nan a kan kara kike zama? Ko gado kika ci?"

Mai ɗinki mace ce da magana ke shiga jikinta. Ta sayo kujera mai soso, ta jefa ta gora bayan ɗaki.

Ranar da abin ya faru, dangin mijinta ne suka cika gida, gas ya ƙare da tukunya a kai, gawayi kuma ruwa ya jiƙa shi. Idonta ya rufe. Ta jawo kujerar ta kakkarya ta cusa a murhu. Abin da ba ta sani ba, kowace gaɓar gora a toshe take da iska a ciki, in ta ji wuta fashewa take yi. Tau! Tau! Kaji suka watse, surukarta ta yi salati. A bayan shinge ƙarar zarton Baba ta ɗauke. Jim kaɗan ta ci gaba.

Washegari ya gaishe ta kamar kullum, har ya miƙo mata tumatir ta saman shinge. Ta lallashi kanta cewa tsufa ya toshe masa kunne, amma tun daga ranar ta koma shanya a ɗaya gefen gidan.

To ga shi yau an aiko neman kujera, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yamma ta yafa mayafi ta shiga, da niyyar ta faɗi gaskiya ko me za a yi a yi.

Ta same shi kwance a gadon da ya haɗa da hannunsa, ya rame har ba ya cika rigarsa. Ɗakin na ƙanshin hayaƙi da ɗanyen itace. Ta durƙusa.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya yi aikinsa, 'yata."

"Baba, kujerar nan..."

"Tana gidan ƙanwarki, an faɗa mini." Ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Bar ta can ta huta. Bayan naki fa?"

"Da sauƙi."

"Anya? Ina jin kekenki ta shinge. Da in kin hau sai zare ya ƙare. Yanzu kina yi kina tsayawa."

Mutumin da ke jin tsayuwar keke ta bayan shinge, shi ne bai ji fashewar gora ba? Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ya zuba mata ido yana jira, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ta fasa faɗin gaskiyar da ta kawo ta, ta miƙe.

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Gobe zan dawo."

"Allah ya kai mu."

Ita ya kai ta. Da safe tana zura zare a allura ta ji kukan Auta ya tashi. Baba ya cika.

Bayan masu gaisuwa sun ja baya, gida ya yi tsit, Auta ta shigo ɗakin ɗinkinta da kujera a ka. Sabuwa ce fil, mai dogon majingini, sai dai igiyar sama ba a ƙarasa ɗaurinta ba.

"Tun bara yake yin ta kaɗan-kaɗan, hannu na rawa. Ranar da kika zo tana bayan ƙofa, an lulluɓe ta da zane. Na ɗauka zai ba ki, sai na ga kin fito hannu rabbana."

Mai ɗinki ta kasa ɗago kai. Ashe ba aro yake nema ba. Kalma ɗaya ya jira daga bakinta, ta hana shi.

Ta shafa ƙafar kujerar, yatsanta ya faɗa wani ɗan rami. Ta duba. Kowace gaɓa, daga ƙasa har sama, an yi mata ƙaramin huji.

"Wannan fa?"

"Ya ce in gaya miki ya huhhuda ta. Wai ko gas ya sake ƙarewa, wannan ba za ta yi ƙara ta ba ki kunya ba. Ni dai ban gane ba, Yaya."

"Ni na gane," in ji mai ɗinki.

Da Auta ta fita, ta ture mai soson gefe ta ajiye ta gora a gaban keke. Ta zauna, bayanta ya shige majinginin kamar an auna yau. Ba ta taka keken ba. Iska ta shigo ta taga ta ratsa hujojin da ɗan fito siriri, bakin igiyar da bai ƙarasa ba yana lilo a kafaɗarta.