Matar da Sithabile Ta Yi da Takarda

Sithabile tana yayyaga zanen da ta buga bara tana jefawa cikin bahon ruwa, sai ga Baba Mhlanga ya turo ƙofa. Shi ne mai ɗakin aikin, kuma shi ya koya mata sassaƙa hoto a jikin roba da buga shi a takarda, shekara goma sha biyu ke nan.

Ya dubi bahon, ya dubi abin da ke tsaye jikin injinsa na buga zane: mace ce mai tsayin mutum, ƙashinta waya, namanta jiƙaƙƙiyar takarda da gam. Tsofaffin zane-zanen Sithabile ne suka zame mata fata.

"Ke, wannan wace irin ƙazanta ce? Na ba ki wuƙa da tawada, kin koma kwaɓa shara?"

"Aikina ne, Baba. Ni na buga, ni na yaga."

"Da injina! Da hannun da na gyara miki! Duk garin Bulawayo an san ɗalibata ce ke, yanzu kuma a ce Mhlanga ya yaye mahaukaciya."

Ta share hannu a zaninta. Ta daɗe tana haɗiye maganar, yau ta ƙi haɗiyuwa.

"Shekara talatin kana sassaƙa shanun nan guda uku don masu yawon buɗe ido. Ko shanun sun gaji da kai."

Ya sa ƙafa ya hamɓare bahon, baƙin ruwa ya malale har bakin ƙofa.

"Ajiye min makullina. Ki kwashe dodonki ki fita."

Ta ajiye makullin a kan injin, ta rungumi matar ta fito titi.

A tasha motoci biyu suka ƙi ɗaukarta. Kwandastan ta uku ya ƙare wa kayan kallo, ya yamutsa fuska.

"Wannan gwaggon ba za ta hau kan cinya ba. Kujera guda za ta ci, ki biya mata. Kuma ki ce ta daina hararata."

Sithabile ta biya na mutum biyu. Ta ba ta wajen taga.