Mangwaron da Baba Ke Gane Gida da Shi

Shekara biyu ke nan rabon Baba da ya ce mini Auta. Yau ni ce "yarinyar nan", gobe ni ce ƙanwarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, maganinsa haƙuri, sai ka ce haƙurin a kanti ake sayar da shi. Abu ɗaya ne bai kuɓuce masa ba, mangwaron tsakar gidanmu. Ya fi duk rufin unguwar tsawo, daga bakin titi ana hango kansa. In Baba ya faki idona ina kan keken ɗinki ya fice, ba na tada hankalina sosai. Zai yi yawonsa, in ya gaji ya ɗaga kai, ya biyo mangwaron har gida, ya dafa shi ya ce, "To, mun iso." Daga nan zai ci abinci, ya bari in yanke masa farce, ya kwanta.

Sai iskar ranar Talata ta tsaga itacen, tun daga inda ya rabu biyu har zuwa daidai ƙirjina. Na leƙa ciki, ashe gara ta gama da shi tuntuni, ɓawo ne kawai yake rufa masa asiri. Ya kwanto kan katanga, saitin ɗakin maƙwabciyata mai aikin jinya, inda 'ya'yanta uku ke kwana. Da ta shigo da masifa da na ji daɗi, don ni ma ba kanwar lasa ba ce. Amma a hankali ta ce, "'Yar'uwa, tun shekaranjiya na kwashe yaran zuwa falo." Ta tsaya tana kallon ƙasa.

Na kira Yaya a waya. Wai, "A sare mana, itace ne fa." Na ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an sare, kai za ka zo ka nuna wa Baba hanyar gida?" Ya ce layin ba ya da kyau. Kullum layinsa ba ya da kyau in an zo nan.

Shekara arba'in Baba ya yi yana sana'ar sauke itatuwa, saboda haka ban je nesa ba. Na aika wa Gajere, wanda ya koyi aikin a hannunsa, yanzu shi ma gemu ya yi fari. Ya zagaya itacen, ya buga shi da ƙeyar gatari, ya yi sauti kamar tulun da ba ruwa. Na roƙe shi ya tokare shi da ƙarfe, ko ya ɗaure da sarƙa, ko ya rage rabi ya bar mana kan. Ya ce, "Auta, kan ne nauyin. Wallahi ko kwana uku ban ba shi ba."

Washegari da safe na shigar da Baba ɗakin baya, na ƙure masa rediyo, na jawo ƙofa. Gajere ya zo da mutum biyu, da tsani da igiyoyi da injin zarto. Sun jefa igiya ke nan, ɗayansu yana shirin hawa, sai na ji murya a bayana, irin wadda rabona da ita tun ina goye da ɗan fari.

"Kai, Gajere! Uban wa ya koya maka hawa tsagaggen itace?"

Baba ne tsaye, ba takalmi. Gajere ya cire hula ya durƙusa, ya ce, "Maigida, tuba nake." Wai Baba ya gane Gajere! Ni da nake wanke masa zanin gado kullum ban samu wannan ba, sai wannan guntun mutumin. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Baba ya sa aka ɗaure jikin itacen tam da igiya a saman tsagar, don kada ta buɗe ana cikin aiki. Ya hana kowa taka reshe, ya ce a kafa tsani a jikin katanga. Ya ce a fara da rassan da ke kan ɗakin maƙwabciya, kowanne a ɗaure shi kafin a yanka, a zuro shi ƙasa a hankali. Ya sa kowa ya nuna masa da yatsa inda zai gudu in abu ya ɓaci, aka share hanyar ko tsinke ba a bari ba. Sannan ya juyo.

"Auta, kwashe shanyar nan ki ja baya. Ki ba da tazarar tsawon itacen sau biyu."

Na rungumi jiƙaƙƙun kaya na zagaya bayan kicin, na tusa fuskata a ciki na yi kuka mai isata. Da na dawo na tsaya kusa da shi na ce, "Baba, ka san wane itace ne wannan?" Bai ko kalle ni ba, idonsa na kan igiya. Ya ce, "Ruɓaɓɓe ne. In an bar shi zai kashe 'ya'yan mutane." A nan na yi wautata. Na ce a raina, tunda da bakinsa ya yanke hukunci, da idonsa yake gani, ba zai manta nan ne gida ba. Na bar shi a wurin, har kujera na kawo masa, ya ƙi zama.

Sai bayan azahar aka gama da rassan, ya rage gangar jikin tsirara. Baba ya zana da gawayi inda za a yi mata baki, wato yankan farko, ta ɓangaren da yake so ta faɗi, ya sa mutum biyu suka riƙe igiya daga nesa. Inji ya yi ta kuka. Gangar ta yi ƙara, ta yi kamar tana shawara, sannan ta zube tsakanin famfo da kicin, daidai inda ya nuna. Bokitina da ke gefe ko motsi bai yi ba. Su Gajere suka yi ta tafi, maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana godiya tana share ido.

Baba ya naɗe igiya a gwiwar hannu yadda ya saba, ya karkaɗe rigarsa. Rana ta cika tsakar gidan fal, har cikin ɗakinsa da ba ta taɓa shiga ba. Ya dubi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya dubi sama. Sai ya matso, ya ɗan rusuna mini.

"Uwargida, aiki ya kammala. Allah ya kiyaye gaba. Mu za mu kama hanya."

Na ce, "Baba, ai nan ne gida." Ya yi mini murmushin da yake yi wa masu ba shi aiki. Na kama hannunsa na ɗora a kan kututturen, ya shafa, ya ce yankan ya yi kyau, a zuba masa magani saboda gara.

Yau mako uku. Yaran maƙwabciyata sun koma ɗakinsu, ina jiyo dariyarsu da safe, kuma na rantse ba na jin haushinsu. Ƙofar gidan da ban taɓa kullewa ba yanzu kwaɗo biyu ne a jikinta, na ɗauko keken ɗinkina na ajiye inda zan riƙa ganinta. Baba yana tashi ya sa takalmi, ya zauna a bakin ƙofa da igiyarsa a cinya. Ba ya faɗa, ba ya rigima, ladabi yake mini kamar baƙon da ya makale a gidan mutane. In na kawo abinci ya ce ya ƙoshi, an ajiye masa nasa. Wuyan rigarsa har ya fara yi masa yawa.

Jiya na gaji da cewa ni ce. Na durƙusa da kwano na ce, "Baƙo, ka daure ka ci ko loma uku, mota na hanya." Ya ci biyar, ina ƙirgawa. Ya wanke hannu, ya dube ni sosai, har na zaci ya gane ni.

Ya ce, "Kina da kirki, baiwar Allah. Kada ki ga ina gaggawa, ba gidanki na raina ba. Autata ce na baro ita kaɗai, kuma ba ta cin abinci sai na dawo."