Wandon Tsere

Layin alli ya taso daga bakin ƙofa, ya ratsa tsakiyar shagon, ya bi ta ƙarƙashin teburin guga, ya hau bango har inda hannun Almakashi ya gaza. Miƙaƙƙe ne sak, don wanda ya ja shi ya shekara ashirin da biyu yana jan layi a kan yadin mutane bai taɓa karkacewa ba. Rediyon marigayi babansu ne kawai ya ba shi wahala. Daga ƙarshe ya ɗora shi daidai kan layin, maɓallin kunnawa a ɓangarensa, na canza tasha a ɓangaren ƙanensa.

Wa da ƙane ne, teloli, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban shi ke awo da yanka, shi ya sa 'yan titin suke ce masa Almakashi. Ƙaramin shi ke hawa keken ɗinki, sai aka laƙaba masa Zare. Abu uku babansu ya bar musu: shago, rediyo, da goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallo mai koriyar riga, wadda ta shekara goma sha tara ko kofin shayi ba ta ɗaga ba. Duk ranar wasa sai su rage aiki su kasa kunne, a lallasa 'yan kore, su yi tsaki tare, su koma ɗinki.

Ana nan, wata safiya Zare ya shigo shago sanye da rawayar riga, ta ƙungiyar da ke cinye komai a 'yan shekarun nan.

"Ta wa ka aro?" in ji Almakashi.

"Tawa ce, Yaya."

"Taka? A shagon Baba?"

"Yaya, likita ya ce jinina ya hau. Na gaji. Ni ma ina so in ji yadda mutane suke ji idan an ci wasa. Laifi ne?"

Almakashi ya ajiye abin awo a hankali. "Wanda ya canza riga don an sha kashi, ran da ɗan'uwansa ya sha kashi ma canza shi zai yi."

Kai, maganar nan ta soki Zare. Shi ma ya ɗauko tasa, ya ce shekara ashirin da biyu yana taka keke har bayansa ya lanƙwashe, wani yana tsaye da alli yana karɓar yabo. Daga nan magana ta bar ƙwallo ta shiga tsofaffin ramuka, har da wani keken hawa da aka hana shi aro tun suna 'yan makaranta. Kafin azahar an ja layi. Kafin la'asar Almakashi ya kira kafinta, aka tsayar ranar Litinin zai zo da katako ya raba shagon biyu.

Matsala ɗaya ce: takardun shagon da sunan Inna suke, mahaifiyarsu. Ta zo ranar Laraba tana dogara sanda, ta tsaya a ƙofa ta dubi layin, ta ja kujera ta zauna a kansa daram, ƙafa ɗaya a ƙasar kowa.

"Inna, ki ce masa ya ɗauke dutsen gugarsa daga gefena," in ji Almakashi.

"Inna, ki ce masa wayar dutsen a gefensa take," in ji Zare.

"Ni ba ɗan aike ba ce," in ji Inna. "A shirin da nake kallo ma, akwai wasu 'yan'uwa da suka raba gida. Wata takwas ana abu ɗaya, har na daina kallo don haushi. Ku ba zan ba ku wata takwas ba. Kuna son bango, ku yi bango. Amma ranar Asabar ɗin nan wasan 'yan titi ne, kuma na riga na ba da sunanku."

Duk shekara masu shagunan titin sukan rufe ranar Asabar ɗaya, su taru a filin bayan tasha, a yi ja-in-ja da igiya, a yi tseren buhu, a rufe da tseren ƙafa uku, inda ake ɗaure ƙafar mutum da ta abokinsa su ruga tare. Shekara tara a jere telolin nan suke cinye wannan tseren. Kyautar kuwa bokitin roba ne, kuma duk taran suna ɗakin Inna, ɗaya cikin ɗaya, ba ta bari ko ruwa a zuba musu.

"Ni ba zan ɗaura ƙafata da ta ɗan rawaya ba," in ji Almakashi.

"To katako ba zai shigo shagona ba. Ku yi gudun, ko kun ci ko ba ku ci ba, ni da kaina zan riƙe wa kafinta ƙusa."

Ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta fita. Bayan zanin duk alli.

To, akwai wata al'ada ta telolin nan wadda ita ce ta jawo abin da ya faru. Ba su taɓa shiga tsere da tsohon wando ba. Duk shekara sukan ɗinka sababbi iri ɗaya, don talla ce: mutane su ga wando ya sha gudu bai ce uffan ba, Litinin su kawo yadi. Almakashi ya yanka biyu, Zare ya ɗinka biyu, aikin awa ɗaya. Bana kuwa ba mai roƙon wani. Kowa ya sayo yadinsa, kore da rawaya, ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Almakashi ya yanka nasa, yankan da ko a mafarki ba ka samun irinsa. Sannan ya janye ƙyallen da ke rufe da tsohon keken babansu, ya hure ƙura, ya zauna. Rabonsa da taka keke tun yana saurayi. Keken ya yi gaba, ya yi baya, ya haɗiye zare, ya yi tari. Zare yana jin sautin daga gefensa, ya san ɗinkin sako-sako yake fita, ya san ma wane ƙarfe za a ɗan murɗa. Bakinsa ya buɗe da kansa. Ya rufe shi.

Shi kuma Zare ya shimfiɗa yadinsa a ƙasa, ya auna kansa da kansa, yana leƙen tef ɗin awo ta ƙarƙashin tumbi. Almakashi ya saci kallo sau ɗaya ya ga an manta da sararin hantsa, an kuma yanke cinya kamar ta ɗan shekara goma sha biyar. Abin ya yi masa ciwo har cikin haƙori. Ya ƙara wa rediyo murya.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Asabar da hantsi fili ya cika, wanzamin titi ya hau kan benci da lasifika, don shi ke bayanin wasa duk shekara, kuma bakinsa ya fi askarsa kaifi.

"Jama'a, ga zakaru nan sun iso! Ɗaya kore, ɗaya rawaya, kamar ayaba da ba ta gama yanke shawara ba!"

Aka kwashe da dariya. Zare yana tafe ƙafa a ware, don wandon ya kama shi kamar bandeji, ko numfashi sai da dabara. Na Almakashi kuwa ya zauna masa ɗas, gwanin kyau, sai dai duk taku ɗaya wani zare yana leƙowa daga gefe. Inna tana zaune a inuwa kan kujerar da ta sa aka ɗauko mata, sanda a kan cinya.

Aka ɗaure ƙafar hagun Almakashi da ta daman Zare. Sauran 'yan tsere duk sun rungumi kafaɗun juna: makanike da mai faci, mai shayi da mai burodi, masu kemis biyu. Telolin nan kuwa kowa ya harɗe hannuwansa a ƙirji yana kallon wani gefe.

Sirrin nasararsu ta shekara tara ba wani abu ba ne illa ƙirga. Almakashi ya ce "ciki", su jefa ƙafar da ke ɗaure; Zare ya ce "waje", su jefa ɗayar. To yau ba a magana. Aka busa usur, kowa ya jefa ƙafar da ya ga dama, sai ga su rim a ƙasa tun ba su bar layin farawa ba.

"Sun faɗi tare!" in ji wanzami. "Jama'a, wannan ne abu na farko da suka yi tare a makon nan!"

Suka miƙe suna kakkaɓe ƙasa. Mai shayi da mai burodi har sun kai rabin fili. Zuciya ta ɗebi Almakashi, ya manta da gaba, ya daka tsawa: "Ciki!"

"Waje!" in ji Zare, kafin ya tuna ba ya magana da shi.

Sai ga tsohon inji ya tashi. Ciki, waje, ciki, waje. Suka wuce masu kemis. Suka kamo makanike. Fili ya ɗauki ihu. Amma wandon Zare ba ya barin taku ya buɗe, sai ɗan tsalle-tsalle yake kamar kaza a kan rairayi mai zafi, Almakashi kuwa ya buɗe ƙafa iyakar tsawonsa don ya rama. A nan ne aka ji ƙyarrr!

Ɗinkin bayan wandon Almakashi ne ya fara tafiya, tun daga ƙugu har hantsa. Na gefe ya bi sahu. Almakashi ya ji iska ta shigo ta inda iska ba ta saba shigowa ba, ya tsaya cak, ya kai hannu biyu ya damƙe gaba, baya kuwa ya buɗe kamar labule. Mutum mai 'ya'ya biyar, ga surukansa a cikin 'yan kallo! Wallahi kunya ta kama shi har idonsa ya kawo ruwa.

Bai ankara ba ya ji hannu ya cafke bayan wandon, ya tattare yadin wuri ɗaya, ya riƙe gam. Zare ne, ya karkato da jikinsa ya tare shi daga idon jama'a.

"Kwance ƙafar ka tafi," in ji Almakashi ƙasa-ƙasa. "Ni na sha kashi. Je ka nemi masu ci."

"In na sake ka, wandon nan a ƙasa zai kwana."

"Ina ruwanka?"

"Wane irin ɗinki ne wannan, Yaya? Ko kafin allura ba ka yi ba. Ka zubar mana da mutuncin shago."

"Kai ka ga abin da ka yanka? Buhun gishiri ya fi shi fasali."

"Ciki," in ji Zare.

Almakashi ya gyara riƙon wandonsa. Can ya ce, "Waje."

Haka suka ƙarasa, ba gudu ba, ba tafiya ba, ƙafa ɗaure, hannu uku a kan wando ɗaya. Mai shayi da mai burodi sun daɗe da karɓar bokiti har sun zauna a kansa. Masu kemis, waɗanda ba su taɓa wuce kowa ba a tarihin tseren, suka wuce su suna ba da haƙuri. Wanzami ya sha dariya har lasifika ta kuɓuce masa, da ƙyar ya ɗauko ta.

"An ce zumunta a ƙafa take, jama'a, amma yau mun ga har da ƙugu! Mai son ɗinki, shago yana nan inda kuka sani!"

Taku biyu ya rage su kai layi, wandon Zare shi ma ya ce ya gaji. Ya fashe a cinya, ɓarrr, kamar an yage takarda. Ba wanda ya ce wa Almakashi komai. Ya saki hannu ɗaya daga nasa, ya damƙe na ƙanensa, suka tsallaka layin kowa riƙe da asirin ɗan'uwansa.

Inna ba ta yi dariya ba, ko kaɗan. Ta cire mayafinta ta miƙa wa babban, ta karɓi tawul ɗin mai shayi ta miƙa wa ƙaramin.

"Kun yi gudu, na gani," ta ce. "Alkawari kaya ne. Kafinta ya zo Litinin."

Litinin da safe kafinta ya iso da katako a kan amalanke, fensir a bayan kunne. Ya yi sallama ya leƙa. Zare yana zaune a kan tsohon keken babansu, can cikin ɓangaren wansa, yana bin koren wando da ɗinki biyu-biyu. Almakashi kuma yana tsaye a ɓangaren Zare, ya farke rawayan wandon ya shimfiɗa, yana yanka ƙyallen da za a ƙara a hantsa, yana gunaguni a kan asarar yadi. Rawayar rigar tana rataye a ƙusa. Ba wanda ya ce a sauke ta.

"Ina layin da zan bi?" in ji kafinta.

Suka dubi ƙasa. Tun safe ake zirga-zirga a kai, sawu ya cinye allin, sai ɗan guntun da ya hau bango.

"Ga alli nan a hannunka, sake ja mana," in ji kafinta. "Ina da wani aikin."

Almakashi ya juya allin a hannunsa. Ya dubi ƙasa, ya dubi yadin da ke gabansa. "Wannan na yadi ne," ya ce. "Ka ɗan jira a waje tukuna."

Kafinta ya fita yana ƙunƙuni, ya zauna a kan katakonsa. Almakashi ya miƙa hannu ya kunna rediyo, aka dace ana labarin wasannin jiya, sai dai tashar tana shashsheƙa. Bai ji komai ba sai sunan 'yan kore da kalmar "kashi". Ya yi tsaki.

"Uku da nema kuma, na sani."

"Huɗu," in ji Zare, bai ɗago kai daga keke ba. "Na huɗun a minti na ƙarshe ya shiga. Ta tsakanin ƙafafunsa fa, Yaya! Ni ban san me mai tsaron gidan nan namu yake ci ba."

Almakashin da ke hannun Almakashi ya tsaya a tsakiyar yanka.

"Namu?"

Keken ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya.

"Miƙo min koren zare," in ji Zare. "Wannan ya kusa ƙarewa."