Ruwan Rawar Kwalekwale

Shekara ta uku ke nan ana fari, tafkin da ke bayan madatsar ruwa ya ja da baya har kututturan itatuwan da aka sare tun kafin a haifi Lavonne sun leƙo. Ita ce mai kula da ƙofofin ruwa. Duk ranar Litinin takan shiga ƙaramin jirgi ta je tsakiyar tafkin, ta zura ma'aunin zafi da igiya har ƙasa. Ruwan sama-sama ɗumi ne kamar na wankan jariri. Sanyin yana can kwance a gindin tafkin, shi ne kuma kaɗai abin da ya rage wa jan kifi.

Samon, in ji takardun ofis. Mutanen su Lavonne dai jan kifi suke ce masa. A tsakuwar kogin nan ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku, bayan shekara uku ya dawo ya zuba ƙwai a inda ya fito. Ƙwan nan kuwa ba ya shiri da ɗumi ko kaɗan. Na bara ya dahu a cikin tsakuwa, na bara waccan ma haka. Saura na bana, kifi ɗari uku da 'yan kai da masu ƙidaya suka gani suna kai-komo a bakin teku, suna jiran su ji sanyi su hau kogi. In nasu ƙwan ya lalace, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

A da ruwan sanyin ya fi haka yawa. A watan Yuni aka bugo waya daga babban ofis, aka ce a sakar wa masu manyan gonaki na kudu. Wanda ya bugo wayar, ko rantsuwa aka yi ba kaffara, bai taɓa riƙe kifi mai rai ba. Amma da hannun Lavonne aka buɗe ƙofar, kuma abin yana ci mata tuwo a ƙwarya har yau. Da ta yi lissafin abin da ya rage, sai ta ga zai kai kwana arba'in in an yi ta ɗiga shi kaɗan-kaɗan. Kwana arba'in ɗin ne kuma ƙwai ke bukata.

Ƙarshen watan Agusta sai ga kakanta Orvil a tsohuwar a-kori-kurarsa mai tari. Shekararsa tamanin da huɗu, shi ne jagoran rawar kwalekwale da mutanensu ke yi duk bayan shekara biyu don gyaran duniya da dawowar kifi. A rubuce yake tun da aka gina madatsar: shekarar rawa, za a sakar musu ruwa na kwana uku domin kwalekwale su taso.

"Ina sarauniyar famfo?" Ya ƙwala kira tun daga bakin ƙofa. "Fito ki ba mu ruwanmu, ba roƙo na zo ba."

"Tsoho mai ran ƙarfe, wa ya bar ka ka yi tuƙi da idon nan naka?"

"Idona ya fi ma'auninki gani. Ranar tara ga watan gobe za mu hau ruwa."

Ta zuba masa kofi, ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Wasan ya ƙi fitowa daga bakinta.

"Kaka, in na buɗe muku ƙofar ƙasa kwana uku, rabin sanyin ya tafi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, kifin nan da sun ji sanyi za su ɗauka damina ce ta sauka, su kwaso su hau. Rana ta huɗu in rufe, su maƙale a kududdufai masu zafi. Ko ƙwan ma ba za su kai ga zubawa ba."

"Ke, rawar nan don wa ake yin ta?"

"Don su."

"To, ashe kin sani. Yanzu ke ce za ki ce mini rawar kifi ita za ta kashe kifi?"

"Ba ni da ikon hana ku. In ka ce a buɗe, zan buɗe."

Ya ajiye kofin. Ya ce kakarsa ta ga lokacin da dawakai ke ƙin tsallake kogin nan saboda yawan kifi, kuma a lokacin babu wani mai igiya da ma'auni. Ya ce masu madatsar sun tare kogi, sun sayar da shi, yanzu kuma shi tsoho ake nema ya biya. Duk abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne. Da ya tashi tafiya ko sallama bai yi mata ba.

Ranar tara ga Satumba ba a aiko neman ruwa ba. Lavonne ta gangara wurin rawar, sai ta tarar da abin da ba a taɓa yi ba. Maza sun ɗora kwalekwale biyu a kafaɗa, suna takawa a kan busasshen dutsen kogi, masu rawa na binsu a ƙasa. Orvil na gaba da sandarsa, yana waƙar da muryar da ta kusa ƙarewa. Sau biyu yana tuntuɓe. Wasu tsofaffin mata suka juya wa Lavonne baya, ba ta kuma ga laifinsu ba. Ta koma mota ta yi kukanta mai isarta.

Sai dai shi sanyi ba ya jiran kowa. Satumbar bana ta zo da zafin da ba a saba gani ba. Kowace Litinin igiyar sai ta ƙara nutsewa kafin ma'aunin ya taɓa sanyi. Ta rubuta wa na sama, ta buga waya, aka ce ana duba lamarin.

Ranar ɗaya ga Oktoba ta buɗe ƙofar ƙasa. Kifin suka hau, bayin Allah, suka share tsakuwa da jela, suka zuba ƙwai, suka mutu yadda iyayensu suka saba. Sanyin ya yi kwana goma sha tara. A rana ta ashirin ta sa hannu a ruwan da ke fitowa ta ji shi ɗumi. Sama kuwa tas, ko gajimare ɗaya babu. Bayan mako guda ta bi masu ƙidaya cikin kogi, suka tona wuri bakwai. Ƙwan da ya kamata ya zama ja mai sheƙi duk ya yi fari fat, yana farfashewa a tsakanin yatsu.

Ta sami Orvil a gindin rumfar da ake bandar kifi a da, yana kwance, don tun ranar rawar ƙafarsa ba ta koma daidai ba. Ta durƙusa a gefensa.

"Kaka, ban kai su ba. Na hana ka ruwanka a banza."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya ba mu samu ba."

Ya lumshe ido. Ta so ya zage ta, ko ya ce da an yi rawar a kan ruwa da ba haka ba. Sai ya lalubo hannunta ya riƙe.

"To, 'yar nan. In shekarar rawa ta zagayo, ko ba na nan, ki buɗe musu ruwan gaba ɗaya, kada ki ji komai. Ai babu sauran wanda zai ji sanyi ya hau."