Bishiyar da ke Bayan Kawu Endel

"Ke Piret, kafin ki gama murɗa zoben nan ai na mutu a tsaye," in ji Kawu Endel. "Kawo nan."

Muna bakin hanyar maƙabarta, inda daji ya fara. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda yanzu ta yi masa yawa kamar ta aro. Ni kuma ina fama da wata tsohuwar kyamara mai fim da na tsinta a gwanjon garin Võru. Don gilashinta na saye ta. Ba ya saita kansa, sai an murɗa zobensa da hannu, amma duk abin da ba a saita a kansa ba sai ya narke ya riƙa juyawa, kamar an zuba madara a kofi. Wannan juyin ne ya sace min zuciya.

Kawu Endel maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaukar hoton jana'izar mutane, dangi jere a bayan akwatin gawa, amma shi ko hoto ɗaya ba shi da shi. Wanzami ba ya son jarfa. Da likita ya ce ya koma gida ya huta, sai ya gane karatun, ya zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Hoto nake so, wanda za a ɗora a kan akwatina," ya ce. "Kada a jibga fure kawai, kamar ban taɓa yin fuska ba."

Shi ya zaɓi wurin. Ya karɓi kyamarar, ya ɗora a ido, ya murɗa zoben a hankali.

"Kawu, ai ba ka tsaya a wurin ba tukuna. Me kake saitawa?"

"Tun uwarki na goye nake aikin nan. Kada ki taɓa komai, danna kawai."

Ya je ya tsaya, bishiyoyi na bayansa can nesa. Na leƙa, na ce masa dishi-dishi nake ganinsa. Ya ce idona ne, in rage kallon waya. Na danna. Na ce mu ƙara ɗaya.

"Gawa ma sau ɗaya nake ɗaukarta."

Ban so wurin nan ba. A nan ake tsayawa in za a kai mutum, namiji daga dangi ya yanka gicciye a jikin bishiya, don mamaci ya san iyakarsa, kada ya biyo mutane gida. Ranar da aka kai matarsa Salme, Kawu Endel ya mayar da wuƙa aljihu bai yanka ba, ya ce a wuce. Tun daga nan kofi biyu yake zubawa da safe. Na sha jin muryarsa ta katanga yana magana, ya yi shiru daidai tsawon amsa, sannan ya ƙyalƙyale da dariya. Tsigar jikina takan tashi, ko da rana tsaka.

A hanyar komawa ya dafa kafaɗata yana haki. "Salme ta gaji da zirga-zirga," ya ce.

Fim ɗin na can gari wurin wanki, wata safiya na kai masa baƙin burodi. Ƙofa a buɗe take. Yana zaune a kujerarsa, haɓarsa a ƙirji, jikinsa ya riga ya yi sanyi. Kofi ɗaya ne a kan tebur.

Ana gobe jana'iza na karɓo hoton. A gaban mai shagon na buɗe, na fashe da kuka, rabi baƙin ciki rabi haushi. Babu fuska. Wani baƙin hayaƙi ne kawai mai siffar kwat, daji na juyawa kewaye da shi. Abu ɗaya ne ya fito tar: jikin wata bishiya ta saman kafaɗarsa, har ana iya ƙirga tsagun ɓawonta. Gicciye biyu ne a jikinta, sababbi, farare, gefe da gefe.

Ɗan ƙanwarsa Raivo ya juya hoton sama da ƙasa. "Wannan ne hoton? To ina tsohon yake?"

"Shi ya saita," na ce.

"Kawu Endel? Ko a buge yake ba ya kuskuren saiti."

"Na sani."

Haka muka ɗora shi a kan akwatin, ba mu da wani.

Da ayari ya tsaya a bakin dajin, Raivo ya zaro wuƙa yana duba bishiyar da zai yanka. Na ja hannun rigarsa na nuna masa bishiyar da ta fito a hoton. Ya ƙura wa gicciyen biyu ido.

"Mutum ba ya yanka wa kansa," ya ce.

Tsohuwa Aino, ƙawar Salme, ta dogaro sandarta ta matso ta duba. "Rufe wuƙarka, ɗana. Sun riga sun wuce."

Mutane suka koma motoci, ni na tsaya a baya. Ƙaro na tsattsafowa daga gicciyen biyu, ya gangaro ya haɗe a wuri ɗaya. Na sa yatsa na taɓa. Bai bushe ba tukuna.