Jan Zare a Jikin Gauta

Mahaifiyata ba ta bar mini gida ko gwal ba, gauta ta bar mini. Irin na ƙauyensu ne, ta ƙullo shi a bakin zane lokacin da aure ya kawo ta Ibadan. Fara ce mai ratsin kore, ɗacinta kaɗan, in ka ci ka kora da ruwa sai ka ji zaƙi. A bayan ɗaki take shuka ta a nan unguwar Sabo har ta rasu. Ni kuma na ci gaba a gidan aurena, cikin tsofaffin buhunan siminti.

Sai ciwo ya shigo. Da safe shuka na tsaye lafiya lau, kafin la'asar ta langaɓe kamar an watsa mata ruwan zafi. Ba tsutsa, ba ƙwaro, a cikin ƙasa abin yake. Na sauya ƙasa, har daga Akinyele na sa aka kawo mini, duk a banza. Kowace damina abin da ke tsira sai raguwa yake yi, har bana na juye ƙarshen irin da ke kwalba. Na san in ban yi wani abu ba, gautar Inna ta zo ƙarshe a hannuna.

Akwai Iya Basira, wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya a Mokola. Tata gautar, wadda suke kira igba, ciwon ba ya taɓa ta, sai dai tauri da ɗacin tsiya, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na roƙe ta dashe ta ba ni, tana dariya wai me Bahaushiya za ta yi da wannan. Kafin aure na ɗan zauna a kwalejin noma, na ga yadda ake aurar da shuka. Niyyata in samu gauta mai zaƙin ta Inna da juriyar igba. Da sassafe, kafin furen gautar Inna ya buɗe, sai in cire 'yan sandunan da ke cikinsa da hantsaki, in ɗebo garin furen igba in shafa masa. Duk furen da na yi wa haka sai in ɗaura masa zare a wuya, don in ya zama ɗa in gane shi. A ido babu bambanci ko kaɗan, sirrin yana cikin ƙwayar iri. Zaren saƙa nake da shi, tunda hular jarirai da safa nake saƙawa ina sayarwa, kuma ja ne ya fi yawa a kwandona.

To, wannan jan zaren shi ya ja mini. Duk wanda aka haifa a Sabo ya san aale, wato abin da wasu Yarbawa ke ratayawa a gona ko kan kaya, jan ƙyalle ko tsohon takalmi, don ɓarawo ya gani ya san abin da zai same shi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga gauta da jajayen zaruruwa, kafin azahar magana ta zaga layinmu: Sakinat ta ɗaure shuka da asiri, kuma ai ana ganinta wajen wata tsohuwa a Mokola. Masu sayen hula suka ɗauke ƙafa, wai wa zai sa wa jinjirinsa wannan zaren a ka. A gidan suna in na zauna sai tabarma ta yi mini faɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko mutum ɗaya bai tambaye ni ba. Ni kuwa da taurin kaina na ce wallahi ba zan bi gida-gida ina wanke kaina a kan gauta ba.

Maigidana Nata'ala direban babbar mota ne, albasa yake ɗaukowa daga Arewa zuwa kasuwar Shasha, ya fi kwana a hanya a kan gida. Na faɗa masa a waya, ya ce in yi haƙuri, ana masa hon. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, saboda haka gidan daga ni sai buhuna. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har na kama kaina ina yi wa shuka hira.

Yaya Ashatu, yayar maigidana, ita kaɗai ce ba ta daina shigowa ba. Wata rana na je asibiti na bar mata gida. Da na dawo na tarar da ita a bayan ɗaki, almakashina a hannunta, ta tara zaruruwan a murhu suna hayaƙi. Fuskarta fes, irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Na raba ki da shi, Sakinat," in ji ta. "Ban taɓa ko ɗa ɗaya ba, zaren kawai na cire. Gobe zan kira matan layi su gani da idonsu."

"Yaya, alama ce fa. Alama ce kawai."

Na yi mata bayani. Ta saurara, ta riƙe baki, ta ce to in sake ɗaurawa mana, da fari. Na ce a jikin wanne? Ta dubi 'ya'yan gautar, duk iri ɗaya, ta ajiye almakashin. Na so in yi mata tas, amma ina zan kai fushin? Don ni ta yi. Furen kuma ya wuce, uwayen ma sun fara langaɓewa.

Na bar 'ya'yan suka nuna jawur, na tsinke, na wanke irin kowanne daban na shanya. Hanya ɗaya ta rage in gane auren da ya ɗauka. Na cika buhuna da ƙasar nan mai ciwo, wadda na jima ina gudu, na shuka irin kowane ɗa a buhunsa. Wanda ya tsaya, jinin igba na jikinsa. Wanda ya faɗi, gautar Inna ce zalla.

Matan layi sun dawo sayen hula, babu wadda ta ƙara tayar da maganar asiri. Shukar ta tashi kore shar har ta kai gwiwa. Jiya da la'asar na zaga baya da butar ruwa, na tarar shukar buhun da ke jikin katanga ta sunkuyar da kai. Na tsuguna na ɗaga ganyen, ya sake faɗuwa a hannuna.

Na ce, "Inna, ashe ke ce nan."

Na san ruwa ba zai yi mata komai ba, amma ita na fara ba.